Tambayoyi da Amsoshi: Sa sunan fayil a cikin rubutu

Tambaya: Malam, da manhajar rubutu ta Vim nake rubuta ayyukana, kuma malaminmu yana son sunan fayil a layin farko na kowane aiki. Dole sai na buga da hannu? Daga ɗalibi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Amsa: Ba dole ba ne. Kana cikin rubutu, danna Ctrl da R, sannan %. In ya jawo maka har da sunan folda, danna Ctrl da R, sai =, ka rubuta expand('%:t') ka buga Enter. Sauya t da p, cikakken adireshin fayil ɗin zai fito. Na san tambayarka ta gaba ita ce yadda ake fita daga Vim, to :wq ne.

Tambaya: Ina da shagon buga takardu a Mabera, cikin garin Sakkwato. Mutum zai dawo da takarda bayan wata uku a gyara masa layi ɗaya, in yi ta laluben fayil ɗin ban gani ba. Ko Word zai iya buga sunan fayil a ƙasan takarda?

Amsa: Zai iya, Alhaji. Shiga gindin shafi, danna Ctrl da F9, a tsakanin baka biyun da suka bayyana ka rubuta FILENAME \p, sai F9. Kada ka buga bakan da hannu, ba zai yi aiki ba. In ka sauya wa fayil suna, sake danna F9 a kansa.

Amma tsakani da Allah, in ya bugo maka Document1 a ƙasan takarda, me ka ƙaru da shi? Kwamfutocin shagunan garin nan duk ciwonsu ɗaya. Ka buɗe za ka tarar da Doc1, Doc11, "project", "project gyara", "project na ƙarshe", da "na ƙarshe ƙarshe", duk a zube a fuskar kwamfuta har sun rufe hoton. Ranar da ɗaliba ta zo da jan biron malaminta a babi na 3, sai a gyara tsohon, a buga shafi 80, ta kai a koro ta, a dawo ana rigimar kuɗin takarda da tawada. Kuma a ce kwamfuta ce ta cinye aiki!

Ni ga yadda nake yi: shekara, wata, rana, sannan mai aiki da irin aikin, kamar 2024-03-15_makaranta_jarrabawa. Haka fayiloli ke jera kansu bisa kwanan wata. Kowane kwastoma da foldarsa, kuma a sa suna tun kafin a buga harafin farko, ba sai an ɗauke wuta yaron shago ya fara salati ba.

Tambaya: A Excel fa? Na rubuta =CELL("filename") bai nuna komai ba. Daga wata ma'aikaciya a Gawon Nama.

Amsa: Hajiya, ba ki adana fayil ɗin ba. Adana shi tukuna, ki danna F9.