Zauren Gwaggo: Ina son koyon kaɗi, ga yara ga kyanwa a gida

TAMBAYA

Assalamu alaikum Gwaggo, barka da ƙoƙari. Ni matar aure ce a Funtuwa, 'ya'yana uku: babbar shekararta 7, mai bi mata namiji ne ɗan shekara 3, sai na goye ɗan wata 5. Da kakarmu ta rasu aka ba ni taskirarta, da mazarai a ciki da magurji na cire 'ya'yan auduga, har da bakan shiɓa. Tun daga ranar nake son in koyi kaɗi, ko don kada kayan nan su lalace a ƙarƙashin gado. Matsalata gidan ne. Muna da kyanwa da yaran suke ji da ita, ga awaki da kaji a tsakar gida. Da na murza mazari sai kyanwar ta yi tsalle ta cafke, yaron ya ja zaren ya gudu, akuya ma ta taɓa cinye mini auduga. Maigidana ya ce in bari sai yara sun girma. In haƙura ne, ko akwai dabara?

Mai karatu daga Funtuwa

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan kakarki, ya kai haske kabarinta, ya kuma saka miki da alheri da kika ga darajar abin da ta bari.

Kada ki haƙura. Tsoron da maigidanki yake ji gaskiya ne, kuma zan faɗa miki wuraren da haɗarin yake ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba ki ambata ba. Amma in kika ce sai gida ya yi shiru, to tsofaffin da za su kama hannunki su nuna miki ba za su jira ki ba. Kaɗi tun asali aikin gidan da ke cike da yara da dabbobi ne. Lokacin da Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a nan suke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Zaren tufafin nan mata ne suka kaɗa shi a tsakar gida, da goyo a baya, kaji suna tono a gefe. Sai da zaren masana'anta ya cika kasuwa, musamman bayan buɗe masaƙar Kaduna a 1957, sannan mazari ya fara komawa ƙarƙashin gado. Abin da matan nan suke da shi wanda ke ba ki samu ba tukuna shi ne tsari: kowane kaya da mazauninsa, kowane aiki da lokacinsa.

Bari in fara da kyanwa, domin ita ce ta fi kowa shiga haɗari a gidanki, kuma ita ce aka fi yi wa sakaci. Harshen kyanwa yana da ƙananan ƙayoyi masu kallon maƙogwaro. In zare ya shiga bakinta ba ta iya tofarwa, sai dai ta yi ta haɗiya. Wani lokaci bakin zaren yakan maƙale a ƙarƙashin harshe, sauran ya gangara hanji. Hanji yana motsi yana son tura shi gaba, zaren kuma a ɗaure yake daga sama, sai hanjin ya tattare a jikinsa, har zaren ya yanka shi. Wannan yana kashe kyanwa. Alamunsa su ne amai, ƙin cin abinci, kwanciya ba kuzari, da kuka in an taɓa cikinta. In kika ga zare yana leƙowa daga bakinta ko ta bayanta, don Allah kada ki ja, kada kuma yara su ja. Jan nan shi ne yake ƙarasa yanka hanjin. Ki kai ta wurin likitan dabbobi a ranar. Ku da kuke Funtuwa Zariya ba ta yi muku nisa ba, kuma Jami'ar Ahmadu Bello tana da asibitin koyarwa na dabbobi.

Maganin wannan kuwa mai sauƙi ne. Mai koyo tana tsinka zare da yawa, guntayen nan da suke zuba a tabarma su ne abin tsoro. Ki ajiye gwangwani mai murfi a gefenki, duk guntun da ya tsinke ki jefa a ciki nan take. Lokacin kaɗi ki fitar da kyanwar ki rufe ƙofa, bayan kin ba ta abinci da ruwa, domin kin san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Kada ki buge ta don ta cafki mazari. Halittarta ce ta bi abin da yake juyawa. Kuma ki hana yara yi mata wasa da zare ko da ba naki ba ne. In suna so su yi mata abin wasa, su ɗaura gashin kaza a bakin kara.

Sai ɗan goyo. Akwai wani abu da iyaye mata da yawa ba su sani ba: siririn zare, ko ma gashin kan uwa, yakan naɗe a yatsan ƙafar jariri ko na hannu, ko a gabansa in namiji ne, ya yi ta matsewa har jini ya daina wucewa. Wurin ya kumbura ya yi ja, zaren ya nutse a cikin fata ba a ganinsa. Jariri ya yi ta tsala kuka, a ba shi nono ya ƙi, a ce ciwon ciki ne. Ki mayar da shi al'ada, duk ranar da kika yi kaɗi ki cire masa safa ki duba yatsunsa ɗaya-ɗaya lokacin wanka, ki juya safar ki kakkaɓe. In kin ga kumburi kuma zaren ya ƙi fita cikin sauƙi, asibiti nan da nan, ba a kwana da shi.

Shiɓa kuma ban yarda ki yi ta da shi a bayanki ba. In kika ja tsirkiyar baka a cikin auduga, ƙura da ƙananan gashi suna tashi su cika ɗaki, huhun jariri bai kai ya sha wannan ba. Haka in akwai mai asma a gidan. Ki yi shiɓa a waje, a inuwa, inda iska take ɗauke ƙurar daga gare ku, lokacin da jaririn yake barci a ɗaki. Ki shiɓa mai ɗan yawa a zama ɗaya, ki naɗe ta sutu-sutu, wato 'yan naɗin audugar da ake jan zare daga jikinsu, ki jera a kwano mai murfi, ya ishe ki kwanaki.

Ɗan shekara 3 shi ne mai gudu, mazari kuma tsinke ne mai tsini. Ki zauna bayanki a jikin bango yadda ba wanda zai faɗo miki ta baya, mazarin yana ɓangaren da ba hanya. In za ki tashi, ko da ɗauko ruwa za ki yi, ki mayar da shi taskira ki ɗora a sama. Nan ne yawancin mutane suke faɗuwa, wai ai yanzu zan dawo. Gululu, wato dunƙulen yumɓun da ke ba mazari nauyi, in ya kwance daga jikinsa daidai bakin yaro yake, haka ma angurya, kuma yaran wannan shekarun suna son cusa 'ya'yan abu a hanci da kunne. In haka ta faru kada ki sa tsinke ko ashana ki ce za ki zaƙulo, ƙara tura ta za ki yi, angurya kuma tana kumbura in ta ji danshi. Dogon zare ma kada ya zama abin wasansa, don kada ya naɗe masa a wuya.

Taskirar kakarki tana da kyau a wurin aiki, amma ba ta hana kyanwa ko akuya. Ki nemi bokitin roba mai murfi, ko tsohuwar akwatin ƙarfe, ki sa taskirar gaba ɗaya a ciki. Ki nisanta ta da murhu, da kaskon turare, da maganin sauro na kunnawa. Auduga in tartsatsi ya faɗa mata takan ci ta ciki a hankali ba a gani, sai cikin dare hayaƙi ya tashi.

Game da awaki da kaji ba sai na tsawaita ba. Kada ki shanya auduga a ƙasa, ki ɗora a kan rumfa. Angurya tana da wani sinadari mai suna gosifol. Babban rago ko babbar akuya suna iya ɗaukarsa daidai gwargwado, shi ya sa masu kiwo suke ba su ƙulin angurya, amma yana cutar da kaji da 'yan awaki ƙanana da kyanwa da kare. Ki tara wadda kika gurza a buhu, kada ki watsar a tsakar gida.

To, yanzu ga ɓangaren da ya fi yi mini daɗi, wato babbar 'yarki. Wannan kam kada ki kore ta. Mu haka muka koya. Kakata a wani ƙauye kusa da Malumfashi ba ta taɓa cewa yau za ta koya mini kaɗi ba. Tana zaune tana murzawa, ni aikina in tsince ganye da ɓawo daga cikin auduga. Da hannuna ya saba sai aka ba ni cire angurya da yatsu, daga nan dutse da magurji. Mazari shi ne na ƙarshe, kuma na farkon da na riƙe na kara ne marar tsini, da gululun yumɓu da muka murza muka shanya da kanmu. Ki bi da 'yarki ta wannan hanya. Ta wanke hannu bayan ta taɓa ɗanyar auduga, domin gonar auduga tana shan feshin maganin ƙwari. Shi ma ƙaninta ki ba shi nasa aikin, ko da miƙo miki sutu ne daga cikin kwano in na hannunki ya ƙare. Yaron da aka ba aiki ba ya cika ƙwace na uwarsa. Da dare bayan sallar isha'i, in ƙananan sun yi barci, ke da babbar ku zauna, kina kaɗi kina yi mata tatsuniya. Yawancin tatsuniyoyin da na sani da ƙarar mazari na ji su.

Ba ki tambaye ni yadda ake kaɗin kansa ba, amma tunda kin ce koyo kike yi, ga kaɗan. Gashin auduga gajere ne, da wuya ya wuce tsawon gaɓar yatsa, don haka yana bukatar murɗi mai yawa kafin ya riƙe kansa. Shi ya sa mazarinmu ba ya lilo a iska, sai dai a kafa gindinsa a kan 'yar fata ko a cikin ƙaramar tasa. Sutu a hannun hagu, mazari a dama, ki shafa alli a yatsu don kada su zame. Da farko kada ki haɗa murzawa da ja a lokaci ɗaya. Ki murza, ki tsayar da mazarin, ki ja sutun sama a hankali ki bar murɗin ya hau, sannan ki sake murzawa. In zaren yana zarewa ya rabu ba ƙara, murɗi ya yi kaɗan. In yana ƙudundunewa yana tsinkewa da ƙarfi, ya yi yawa. Ki fara da abawa mai kauri, kada ki damu da ƙulle-ƙullen da ke jikinta, masu saƙar gwado da luru irinta suke nema. Siririn zare zai zo da kansa in yatsu sun saba. A lokacin hunturu iska takan busar da auduga ta yi ta karyewa, sai ki rufa wa kwanon sutu tsumma mai ɗan danshi, ko ki yi kaɗin da sassafe.

Ke da kike Funtuwa, a tsakiyar ƙasar auduga kike. Ki nemi mai angurya daga hannun manomi lokacin cira, daga Nuwamba zuwa Janairu, ki gurza da kanki, ta fi wadda injin ya matse laushin ja. Audugar kemis an wanke mata maiƙonta, ba ta yi wa mai koyo daɗi, ta rimi kuwa santsi gare ta, ta matashin kai ce.

Abu ɗaya da rubutuna ba zai iya yi miki ba shi ne nuna wa yatsunki nauyin jan da ya kamata. Ki tambaya a unguwarku ko a ƙauyen kakarki, za a samu tsohuwar da ta yi kaɗi da ƙuruciyarta. Ki je mata da goro da sabulu, ki ce Inna ki duba mini hannuna. Shi kuma maigida, ki nuna masa bokitin da murfinsa da inda za ki riƙa ɗora shi, ki ce ya ba ki wata guda ya gani.

TAMBAYA

Gwaggo, ni a Kaduna nake, a ɗaki biyu muke da yara. Na ga keken kaɗi irin na Turawa a intanet, wanda ake takawa da ƙafa. In saya ne, ko in fara da mazari?

AMSA

Ki fara da mazari 'yata. Keken nan yawanci don gashin tumaki aka ƙera shi, yana fizgar zare da ƙarfin da auduga ba ta jurewa a hannun mai koyo. Ga shi da ƙafa mai juyawa da igiya da ƙugiyoyi, duk a daidai tsayin yaro mai rarrafe, kuma a ɗaki biyu ba ki da inda za ki ɓoye shi. In hannunki ya faɗa da mazari har kina son sauri, akwai ƙaramin keken Indiya da ake kira carka, wanda Gandhi ya shahara da shi. Don auduga aka yi shi, kuma akwai irin da ake ninkewa ya zama 'yar akwati a rufe a ɗora a kan kabad.