Filin Lafiyar Uwargida: "An ce sinadarin maza ne ya yi min ƙaranci, in yi allurar ko in bari?"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti likita, ya aiki ya jama'a. Ni dai shekarata 52, ina zaune a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ringim, haihuwata tara bakwai na raye. Al'adata ta ɗauke yau shekara uku kenan kuma tun daga nan ban ƙara jin daidai ba, zafi ya taso min daga ƙirji ya hau fuska ko da hunturu ne, cikin dare sai na tashi na canza zani saboda gumi, ga kasala ga mantuwa, in ajiye ludayi in yi ta bulayin nemansa. Amma abinda ya fi damuna maganar shimfiɗa ce, wallahi in ranar girkina ta zagayo gabana faɗuwa yake, ba sha'awa ko ta anini kuma ga zafi kamar an zuba barkono, maigida har ya fara cewa tsanarsa na yi, ga abokiyar zamana yarinya ce. Maganin sanyi na sha har na gaji, tsimi da gumba kuwa ba a magana. To ɗana da ke karatu a Kano ya kai ni wani wajen gwaji aka ɗebi jinina, takarda ta fito wai testostiron ɗina ya yi ƙasa, mai kemis ɗin garinmu ya ce akwai allurarsa, zai dinga yi min duk wata in koma kamar amarya. 'Yata ce ke rubuta miki a wayarta. Dan Allah in yi ko in bari?

AMSA: Wa'alaikumussalam Hajiya, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Allurar nan ki bar ta, ko kyauta ya ce zai yi miki. Bari in faɗa miki dalili a tsanake, ki sa 'yar taki ta karanta miki har ƙarshe.

Shi testostiron ana ce masa sinadarin maza, amma mu ma mata jikinmu na yin sa, daga gidan ƙwai da kuma wasu 'yan ƙullutai biyu da ke zaune a saman ƙoda. Bambancin dai na namiji ya ninka namu sau goma ko fiye. Kuma ba ranar da al'ada ta ɗauke yake faɗuwa ba, tun mace tana 'yar ashirin da wani abu yake raguwa kaɗan-kaɗan, kafin ta kai arba'in da 'yan kai ya koma kusan rabi. Wanda ke zubewa da gaske lokacin ɗaukewar al'ada shine istirojin, wato sinadarin mata, kuma shi ne ya kawo miki zafin nan mai tasowa da gumin dare da ƙafewar ni'ima. Kinga ashe ɓarawon daban, wanda aka kama daban.

Takardar gwajin kuma kar ta ɗaga miki hankali. Da za a tara duk sa'anninki na ƙauyenku a ɗebi jininsu, da yawansu haka tasu za ta fito, har da waɗanda ba abinda ke damunsu. Babu wani adadi da likitoci suka tsayar suka ce duk macen da ta yi ƙasa da shi ba ta da lafiya. Ga shi yawancin injinan da ke wuraren gwajinmu an yi su ne don auna na maza mai yawa, in aka zo kan ɗan mitsitsin na mace sai su dinga kuskure, kamar ki ce za ki auna gishirin miya da tiyar awon gero. Ni da idona na taɓa ganin takardar da wata baiwar Allah ta kawo min tana kuka, ashe ma'aunin maza aka buga a gefe aka gwada nata da shi, to ina za ta kamo shi? Da ta kamo ai da gemu za ta zo min.

A shekarar 2019 manyan ƙungiyoyin likitocin mata da na sinadaran jiki na duniya suka haɗu suka duba duk binciken da aka yi kan ba mata testostiron, suka fitar da matsaya ɗaya. Abinda suka tabbatar yana yi wa magani guda ɗaya ne tak: ɗaukewar sha'awa ga macen da al'adarta ta tsaya, wadda abin ke damunta ita kanta, bayan an duba an kawar da sauran dalilai. Kasala, mantuwa, ɓacin rai, ƙarfin ƙashi, duk ba su samu hujjar da za su ce yana gyarawa ba. Ko a kan sha'awar ma amfanin matsakaici ne, a lissafinsu kamar ƙarin kwanciya ɗaya mai gamsarwa a wata. Ba komawa amarya ba. A Ingila ma ƙa'idar da suka fitar tun 2015 cewa ta yi sai an fara ba mace istirojin, in zafi da gumi sun lafa amma sha'awa ta ƙi dawowa, sannan a yi tunaninsa.

Ke kuma Hajiya ni a karatun da na yi wa wasiƙarki, zafin nan na barkono shine kan gaba. Wa zai yi marmarin abinda ya san zai ji ciwo? In istirojin ya janye, fatar gaban mace takan yi siriri ta bushe ta dinga tsagewa, fitsari ma ya dinga zafi ko ya matsa miki akai-akai, mu kuma komai ya taɓa wajen sai mu ce sanyi, a yi ta ɗirka kafso da allurai wata da watanni alhali ba ƙwayar cuta ba ce. Maganinsa man istirojin ne da ake sawa a wajen, kullum na kamar sati biyu sannan a koma sau biyu a sati, kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini, ga kuma man santsi na ruwa da ake samu a manyan shagunan magani don lokacin kwanciya. Mata da yawa daga nan kaɗai suke samun kansu. Sannan dan Allah duk wani matsi da ake cusawa, alif ne ko garin itace ko wanda dillaliya ke ƙullowa a leda, a tsayar da shi, fatar da ta riga ta yi laushi ƙona ta yake.

Zafi mai tasowa da gumin dare kuma akwai maganin maye gurbin istirojin, na sha ko na shafawa ko na mannawa a fata, kuma tunda ba ki kai 60 ba, ɗaukewar ma ba ta kai shekara 10 ba, kina cikin waɗanda ya fi yi wa amfani. Amma sai likita ya tantance, domin mai mahaifa dole a haɗa mata da wani sinadarin, firojestiron, don ya kare mahaifar, kuma wadda ta taɓa yin kansar nono ko daskarewar jini a jijiya ko ciwon hanta, ko take ganin jinin da ba a san dalilinsa ba, ba a ba ta haka kawai. Kasalar nan ma ban yarda a ɗora wa al'ada ita kaɗai ba, haihuwa tara ba wasa ba ce, a duba yawan jininki, suga, hawan jini da sinadarin maƙoƙo. In kina shan wani magani na kullum ki tafi da kwalinsa, wasu magungunan damuwa da wasu na hawan jini suna kashe sha'awa.

To in an yi duk wannan, zafi ya tafi, barci ya dawo, amma har yanzu shiru kuma abin na cin ranki, nan ne testostiron ke da gurbi. Na shafawa ake bayarwa, kusan miligiram 5 a rana, wato kamar kashi ɗaya cikin goma na abinda ake ba namiji, a shafa a cinya a wanke hannu, kar jika ya hau cinyar kafin ya bushe. A Ostireliya tun 2020 suka amince da wani mai na mata zalla mai suna AndroFeme, a Amurka kuwa hukumarsu ta kula da magunguna ba ta amince da wani na mata ba, likitoci na maza suke ragewa su bayar. A nan ne gwajin jini ke da amfani, a yi kafin a fara don a san inda kike, a sake bayan sati 3 zuwa 6, sannan duk wata 6, ba don a ga ya hau ba, don a tabbatar bai wuce na mata ba. In aka yi wata 6 ba canji sai a daina. Binciken da ya bi lafiyar masu amfani da shi ma bai wuce na shekara 2 ba, shi ya sa ake taka-tsantsan. Na haɗiya kuwa ba a so, yana ɓata kitsen jini.

Yanzu ki kwatanta da allurar mai kemis. Irin su Sustanon kwalba ɗaya miligiram 250 ce, an yi ta ne don namijin da nasa ya gaza, a zuba wa mace wannan a tsoka lokaci guda duk wata? Ƙuraje za su feso, gashi ya fito a haɓa da ƙirji, na kai ya zube ta gaba, murya ta buɗe, ɗan tsakan mace ya girma, kuma muryar da girman nan ko an daina ba lallai su koma ba. Mai amfani da na shafawa in abu ya ɓaci gobe sai ta daina, allura kuwa in ta shiga ta shiga.

Ki fara da babban asibitin da ke kusa da ku ki ce likitan mata kike son gani, in sun ga da buƙata su tura ki Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko na Malam Aminu Kano. Shi kuma maigida, in da hali a karanta masa wannan shafin ko ku je asibitin tare ya ji daga bakin likita. Ni abin na ba ni mamaki, mutum ya zauna da mace shekara talatin da wani abu ta haifa masa tara, rana ɗaya jiki ya juya mata sai ya ce tsana ce.

TAMBAYA: Anti barka da aiki, daga wajen Wudil nake. Innarmu ta haura 60, cikin wata shida gemu ya fito mata sosai har tana askewa a ɓoye, muryarta ta koma kamar ta namiji in ta yi sallama sai a ɗauka baƙo ne. Wasu na cewa alamar arziki ce. Mu bar ta?

AMSA: A'a ƙanwata, kar ku bar ta. 'Yan silin gashi biyu uku a haɓar tsohuwa ba komai ba ne, amma gemu da buɗewar murya cikin wata shida, wannan ita ce macen da gwajin testostiron ya wajaba a kanta, don a nan yawa ake nema ba ƙaranci ba. Wani lokaci ƙari ne a gidan ƙwai ko a ƙullutun saman ƙoda ke zubo shi, za a auna jini a yi hoton ciki, kuma da yawa in an cire shikenan. Kafin ku tafi ku lallaɓa ku tambaye ta ko akwai allurar ƙarfin jiki da ake mata ko tana shan irin su sha-ka-fashe, tsofaffinmu ba sa faɗa sai an yi da dabara. Ku kai ta cikin satin nan, kar a ce sai an gama girbi.

TAMBAYA: Salam likita. Shekarata 39 daga yankin Gumel, bara aka yi min aiki aka cire mahaifa saboda ƙari, tun daga nan zafi da gumi kamar na tsofaffi, sha'awa kuma ta mutu murus. Ni ma testostiron ɗin zan nema?

AMSA: Sannu 'yar'uwa, Allah ya sa kaffara ne. Abu na farko a san me aka cire. In mahaifa ce kaɗai aka bar gidan ƙwai, jini ne zai tsaya amma sinadarai na nan suna aiki, in kuwa an haɗa da gidan ƙwai duka biyun, to istirojin ya yanke rana ɗaya, testostiron ma ya ragu da kusan rabi, kuma yadda kika kwatanta ya fi kama da haka. A shekarunki istirojin kike buƙata kafin komai, ba don zafi kaɗai ba, don ƙashinki da zuciyarki, kuma akan ci gaba da shi har wajen shekara 50 in babu abinda ya hana, tunda ba mahaifa ma ba kya buƙatar firojestiron. In an daidaita wannan na 'yan watanni sha'awa ba ta motsa ba, irinku na cikin waɗanda likita zai iya gwada wa na shafawa, da gwajin jini kamar yadda na faɗa wa Hajiya a sama.

Ki koma inda aka yi miki aikin da katinki, ki ce a duba fayil a rubuta miki a takarda abinda aka cire da kuma sakamakon gwajin ƙarin, wato wane iri ne, don shi zai nuna ko za a iya ba ki istirojin. Da wannan takardar za ki je wajen likitan mata.