Tabarau na Mai Talla, Yanar Ido da Karatun Likitanci: Amsoshin Wannan Mako

Ni tela ne a Zariya, shekarata 46. Tun bara zura zare a allura ya fara gagarata, sai na kira yaron shago. Wani mai tallar tabarau ya gwada min guda, na ga kafar allura tar. In saya, ko in je asibiti?

Malam, wannan ba ciwo ba ne, shekaru ne. A cikin ido akwai wata 'yar ƙwaya garau kamar gilashi, wadda ke lanƙwasawa idan za ka duba abu na kusa. Da an haura 40 sai ta fara tauri, shi ya sa za ka ga dattijo yana nesanta takarda da fuskarsa kafin ya karanta. Tabarau na mai talla, masu ɗauke da lamba +1.00, +1.50 ko +2.00, don haka aka yi su, kuma ba sa kashe ido kamar yadda ake yayatawa. Aibinsu shi ne lamba ɗaya suke ba idon dama da na hagu. In naka sun bambanta, kafin la'asar kanka ya fara sarawa.

Duk da haka ba zan ce ka saya ka huta ba, saboda hawan jinin ido. Sunan ma yana ruɗar mutane, don ba jini ne ke hawa ba, ruwan cikin ido ne ke kasa fita yadda ya kamata, sai ya matsa wa jijiyar gani. Yawanci ba ya zafi, ido ba ya ja. Daga gefe yake fara cin gani, mutum na ɗinkinsa lafiya lau har sai ya wayi gari kamar mai leƙe ta cikin bututu. Ya fi kama baƙar fata, yana bin dangi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Mai talla ba shi da na'urar auna wannan. Ka je a auna ƙarfin ruwan idon, a leƙa jijiyar, a rubuta maka lambarka a takarda. In an ce idanun biyu daidai suke, koma wajen mai tallarka ka zaɓi wanda ya dace da lambar. Na gwammace ka kashe kuɗin a awo da ka kashe shi a firam mai ruwan zinare.

Mahaifinmu yana da yana a ido biyu. Wani mai maganin gargajiya ya zo garinmu, ya ce zai kawar da ita a zaune, kuɗinsa bai kai na asibiti ba. Baba kuma yana tsoron wuƙa.

Ɗan'uwa, ku riƙe kuɗinku. Yana ba fata ba ce da ta rufe ido daga waje. Ƙwayar nan da na faɗa wa tela ce ta yi hazo. Abin da mai gargajiya yake yi shi ne ya soka tsinke ya ture ta zuwa cikin ido. Haske zai shigo nan take, Baba zai ce ya ga mutane, a yi ta kabbara, mai magani ya karɓi kuɗi ya wuce gari na gaba. Amma idon ya rasa abin da ke daidaita masa gani, komai dishi-dishi, ga ƙwayar da aka tura tana iya jawo kumburi da hawan jinin ido, ban da ƙwayar cuta daga tsinken. A asibiti cire ta ake yi gaba ɗaya a sa ta roba a gurbinta. Aikin kan ɗauki kusan rabin awa, ba a sa mutum barci, idon kawai ake kashewa, kuma ido ɗaya ake fara yi. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA da na Makkah a Kano, ga asibitocin koyarwa. Ku tambaya ko kuɗin da aka yanka muku ya haɗa da ƙwayar robar da magungunan ɗigawa. Batun tsoro kuwa, ku nemo wani sa'an Baba da aka yi wa aikin ya zo su yi hira. Zai fi jin maganarsa a kan taku.

Mai shago ya ce in ƙara kuɗi a sa min gilashi mai tare shuɗin hasken waya.

Hajiya, ba dole ba ne. Binciken da aka yi bai nuna yana rage gajiyar ido ba. Mai kallon waya yana rage ƙiftawa, ido ya bushe. Duk bayan minti 20 ki ɗaga kai ki kalli nesa na ɗan lokaci.

'Yata ta gama sakandare, tana son zama likitar ido. Wane fanni za ta cike a JAMB?

Alhaji, ka fara tambayar ta ko tiyata take so ta yi, domin mutum biyu muke kira likitan ido, kuma hanyarsu ba ɗaya ba ce. Mai fiɗar ido cikakken likita ne tukuna: shekara 6 na karatun likita, wato MBBS, shekara guda ta sanin makamar aiki, bautar ƙasa, sannan wasu shekaru 5 zuwa 6 na ƙwarewa a asibitin koyarwa, da jarrabawowin Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma ko takwararta ta ƙasa. Ka lissafa, ya haura shekara 12 ko da ba a yi yajin aiki ba, kuma ka san jami'o'inmu. Shi ne mai cire yana, mai ɗinka idon da ya fashe.

Ɗayan kuma fannin awon ido ne, oftometiri, wanda ake yi shekara 6 kai tsaye a fito da digirin likitan awon ido, wato OD. Jami'ar Benin ce ta fara shi a Najeriya, yanzu Jami'ar Bayero ma tana yi. Masu wannan karatu su ne ke auna gani, su rubuta lambar tabarau, su gano hawan jinin ido, su tura mai buƙatar fiɗa wajen mai fiɗa. Suna da hukumar rajistarsu daban, ODORBN, wadda kuma ke kula da masu yanka gilashi da ɗaura shi a firam. Kada wani ya ce mata wannan ƙaramin karatu ne. Yawancin masu zuwa da kukan ido awo suke buƙata, kuma mai OD kan iya buɗe wurinsa tun yana da ƙuruciya. In da hali, ka nema mata izini ta yini ɗaya a sashen ido na asibitin da ke kusa da ku, ta ga ɗakin awo, ta kuma ga yadda ake buɗe bandeji washegarin tiyata, kafin ta cike fom.