Hukuncin sa wa kwamfuta ledar da ke hana na gefe ganin abin da kake yi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina aiki a sashen biyan albashi, kuma ofishinmu falo ɗaya ne, tebur kusa da tebur. Wani lokaci ma a jirgi nake ƙarasa aiki. Sai na sa wa laftof ɗin ofis irin ledar nan da na gefe ba ya ganin komai sai baƙi. Wani abokin aikina mai karatun addini ya ce wannan alamar rashin gaskiya ce, ya kawo hadisin da ya ce zunubi shi ne abin da ba ka son mutane su gani. Ga uwargida ma ta fara tambaya, domin ko a gida ba na cirewa. Ina da laifi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ledar a karan kanta halal ce, wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Hukuncin ya rataya ne a kan sirrin wane ne kake rufewa, kuma idon wa kake karewa.

Ka ce albashin mutane kake lissafawa. To wannan sirri amana ne a hannunka. Wane nawa yake ɗauka, wane an yanke masa saboda bashi, ga lambar asusun wane a banki. Idan ka tabbata a inda kake zama na kusa da kai zai iya karantawa, rufewar ta tashi daga halal ta zama wajibi, ko da leda ko da wata hanya, domin abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Haka hukuncin yake ga likita da lauya da duk mai riƙe bayanan jama'a.

Sai maganar abokin aikinka. Hadisin ingantacce ne, Muslim ya ruwaito shi daga Nawwas ɗan Sam'an, amma ya ɗauki rabi ya bar rabi. Annabi (SAW) cewa ya yi zunubi shi ne abin da ya yi maka kai-kawo a ƙirji, kuma ka ƙi mutane su tsinkaye shi. Sifa biyu ce a haɗe. Kana buɗe jadawalin albashi, zuciyarka tana ɗar-ɗar cewa kana saɓa wa Allah? Idan babu wannan, hadisin bai shafe ka ba. Masu sharhi sun bayyana cewa ƙin da ake nufi shi ne na kunyar aibi a addini, ban da ƙin da mutum ke yi bisa ɗabi'a ko don maslaha. Da kowane ɓoyo zunubi ne, da mai sadakar da hagunsa ba ta san abin da damansa ta bayar ba bai shiga cikin bakwai da Allah zai sa a inuwarsa ba. Annabi (SAW) ya aiki Anas yana yaro, mahaifiyarsa Ummu Sulaim ta tambaye shi ina aka aike shi, ya ce sirri ne, ita kuma ta ce kada ya faɗa wa kowa. A shekara ta 2 bayan hijira ya ba Abdullahi ɗan Jahshi wasiƙa, ya ce kada ya buɗe sai ya yi tafiyar kwana biyu. Ko nan ma za a ce rashin gaskiya ne?

Abin mamakin shi ne shari'a mai leƙe ta kama da laifi. Mutumin da ya leƙa ɗakin Annabi (SAW) ta kafa, an gaya masa cewa saboda ido aka shar'anta neman izini. Suratul Hujurat aya ta 12 ta haɗa hanin mummunan zato da na bin diddigi wuri ɗaya, kuma abokinka ya lura, domin ya kusa haɗa biyun. Yaya aka yi ma ya san allonka baƙi ne in ba ya kai ido ba? Akwai ruwayar da ake yawan kawowa cewa wanda ya duba wasiƙar ɗan'uwansa ba izini wuta yake dubawa. Mai rauni ce, ba mu dogara da ita ba, kuma ba mu buƙace ta ba.

Amma akwai idon da ba ka da ikon karewa. Kwamfutar ta ofis ce, lokacin aiki ma an biya ka kuɗinsa. Idan ledar ta zama hanyar da shugabanka zai wuce bai gane kana kallon ƙwallo ko kasuwancinka ba, ta koma kayan ha'inci, ta haramta ta wannan fuskar. Ka kuma nemi izini kafin ka manna wani abu a kayan da ba naka ba, musamman mai gam.

Kada kuma ka ce ka gama sauke amana don ka sa leda. A cikinta akwai siraran layuka tsaye, kamar tagar gilashi mai layi-layi, haske yana fita ta gaba ne kawai. Yawancinsu digiri 60 suke bari, 30 dama 30 hagu. Wanda ke tsaye daidai bayanka, ko kujerar baya a jirgi, ko kyamarar da ke bango ta bayanka, duk suna gani tas. Ba ta hana manhajar leƙen asiri komai. Tana kuma dusashe haske, sai ka ƙara shi, kuma ƙarin hasken yana rage mata duhu ta gefe ya kuma ci batir. Ka riƙa ba bango baya in da hali, kuma ko minti ɗaya za ka tashi ka kulle allon ta hanyar danna maɓallan Windows da L tare.

Maganar gida ita ta fi tsaya mini a tambayarka, ko da yake a ƙarshe ka sako ta. Matarka ba ta da haƙƙin ganin albashin mutane, wannan gaskiya ne. Amma lokacin da sahabbai biyu suka ga Annabi (SAW) da mace da dare, tsayar da su ya yi ya ce musu matarsa Safiyya ce, don kada Shaiɗan ya jefa musu wani abu. Kai wane ne da za ka ce in ta ga dama ta yi zato? Zaunar da ita, ka nuna mata yadda ledar ke aiki, ka gaya mata dalili. Idan aikin ofis ya ƙare, cire ta. Akwai mai maganaɗisu da ake ɗagawa da yatsa, wasu laftof ɗin HP kuma tun 2016 suna zuwa da tasu a ciki, maɓalli ake dannawa.

Ka kuma bincika kanka, ɗan'uwana, ba tuhumarka nake ba. Da yawa ganin mutane ne kaɗai ke riƙe su daga kallon haram, ranar da suka sa leda sai su ga sun samu kaɗaici a tsakiyar jama'a. Idan ka lura shafukan da kake buɗewa sun canza tun da ka sa ta, to a wajenka ta zama ƙofar fitina: ka taƙaita ta ga lokacin da jadawalin albashi ke buɗe, da ka rufe shi ka cire.

Allah ne mafi sani.