Tambaya da Amsa: "Guagua" mota ce ko jariri?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni ɗaliba ce a Samaru, ina koyon Sifaniyanci a waya. A zaurenmu na WhatsApp wata 'yar ƙasar Chile ta saka hoton jaririnta ta rubuta "mi guagua". Washegari wani ɗan Kyuba ya ce ya makara zuwa aiki saboda "guagua" ba ta zo da wuri ba. Kaina ya ɗaure. Wane ne ya yi kuskure a cikinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Babu wanda ya yi kuskure, kowa harshen gidansu ya yi. Ana furta kalmar kamar "gwagwa", wato agwagwarmu aka cire mata "a" ta farko, wasu kuma su sassauta ta har ki ji kamar "wawa".

Ita 'yar Chile, kalmarta ta girmi zuwan Turawa yankin. A harshen Kecuwa, wanda daular Inka ta yi mulki da shi daga birnin Cusco, "wawa" na nufin jariri. Kada ki yi dariya, ba wawanmu na Hausa ba ne. Da Sifaniyawa suka shiga Peru a 1532 harshensu ya mamaye mulki da kasuwa, amma bai raba uwa da sunan da take kiran ɗan goyonta ba. Shi ya sa har yau a Chile da Peru da Bolibiya da Ekwado, guagua jariri ne. Wannan ɓangaren ya fi burge ni. A Ekwado, ranar 2 ga Nuwamba da suke tunawa da mamatansu, ana gasa burodi mai siffar jariri a naɗe cikin zani, a zana masa ido da baki, a kira shi "guagua de pan". Ana cin sa da wani abin sha mai kauri kamar kunu, na baƙar masara da 'ya'yan itatuwa, mai suna "colada morada".

Shi kuwa ɗan Kyuba, bas yake jira. Haka ake cewa a Kyuba da Fotoriko da Jamhuriyar Dominika, da kuma tsibiran Kanari na Sifen da ke kusa da gaɓar Maroko. Mutanen Kanari da yawa sun yi ƙaura zuwa Kyuba, wasu suka koma gida, don haka maganarsu ta yi kama sosai. A birnin Las Palmas na tsibiran Kanari ma kamfanin bas na gari sunansa Guaguas Municipales, a rubuce a jikin motocin. Kin ga a can ba karin maganar matasa ba ce, sunan hukuma ne.

To in kina Chile me za ki ce wa bas? "Micro". A Ajantina "colectivo", a Meziko "camión", alhali a Madrid "camión" babbar motar kaya ce. Kamar dai yadda mu a Zariya muke hawa acaɓa daga Kwangila zuwa PZ, Basakkwace kuma ya ce kabu-kabu.

Shawarata: tunda kina farawa ne, riƙe "autobús" da "bebé". Duk inda ake Sifaniyanci za a gane ki, har a Ikwatoriyal Gini da ke nan maƙwabtanmu. In kin ji kalma ta yi miki banbarakwai, fara tambayar ƙasar mai maganar kafin ki buɗe ƙamus.

Abu ɗaya kuma ina roƙon ki kiyaye. Ɗan Kyuba ko ɗan Kanari zai ce "coger la guagua", wato hawa bas, ba komai a ciki. Amma a Meziko da Ajantina kalmar "coger" batsa ce, ba a faɗinta gaban manya. Yi amfani da "tomar" a madadinta. Ita kuma ƙawarki mai jego, rubuta mata "qué linda tu guagua", ki yi mata barka. Allah ya raya.