Tambaya da Amsa: Girki a Coci Domin Iyalai Mabuƙata

Tambaya: Ina so in ba da lokacina wajen dafa abinci a cocinmu domin iyalan da rayuwa ta yi wa tsanani, amma ban taɓa girka wa taron jama'a ba. Ta ina zan fara? Daga wata mai karatu a Kafanchan.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri. Ki fara da ganin shugabar Zumuntar Mata, domin a ikilisiyoyi irin su ECWA da COCIN su ne suka san gidajen gwauraye da marayu, kuma galibi manyan tukwane a hannunsu suke. Kada ki raina tsintar wake ko yankan albasa, domin a gefen murhu za ki koyi yawan mudun da ke cika tukunya.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne tsabta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta ba firji, kuma shinkafa da wake ba sa jure zafin bazara. Saboda haka ku sauke tukunya daf da lokacin rabo, ku zuba a kula tun da zafinsa, wuƙar ɗanyen nama kuma kada ta taɓa kabeji.

Ku kai abincin har gida ba tare da ɗaukar hoto ba, ku kuma tambayi ko akwai mai ciwon suga ko hawan jini. Idan akwai maƙwabta Musulmi cikin masu karɓa, ku sayi nama wurin mahautan da suka amince da yankansu.