Akwatin hasashen yanayi a shafuka talatin: sai an biya kuɗi?

Tambaya: Ina kula da shafin intanet na wata ƙungiyar manoma a Zariya, wanda aka gina da WordPress. Na shafe yini guda ina tsara akwatin da ke nuna zafi, iska da yiwuwar ruwan sama, kuma ina son ya fito a shafuka kusan talatin. An ce mini sai na sayi manhajar da ake biya duk shekara. Haka ne?

Amsa: Malam, kada ka yi gaggawar fitar da kuɗin ƙungiya, domin abin da kake nema yana cikin WordPress ɗin da ke hannunka. Tun fitowar zubi na 5.0 a shekarar 2018, ana iya adana tsari sau ɗaya a riƙa kiransa a ko'ina, kuma daga zubi na 6.3 a shekarar 2023 ake ce wa irin wannan tsari "synced pattern". Ka zaɓi akwatin da ka tsara, ka danna ɗigo ukun da ke samansa, ka zaɓi "Create pattern", ka ba shi suna, sannan ka tabbatar maɓallin "Synced" yana kunne. Daga nan duk shafin da ka saka shi, ainihin akwatin ne yake fitowa, kuma ranar da ka canza launi ko girman rubutu a wuri ɗaya, shafuka talatin ɗin za su canza tare. Idan kuwa kowane shafi ne zai ɗauke shi, ya fi sauƙi ka sa shi a gefe ko a ƙasan shafi, inda dama ake maimaitawa.

Inda gizo ke saƙa shi ne batun gari. Akwatin da aka haɗe ta wannan hanya yana tafiya ne da garin da aka saka masa, saboda haka idan shafin reshen Funtuwa yana buƙatar yanayin Funtuwa, ba na Zariya ba, sai ka adana akwati daban ga kowane gari. Garuruwa uku ko huɗu ba su kai a sayi komai ba. Amma idan sun kai ashirin, a nan ne manhajar biya take da amfani, muddin tana raba tsarin da wurin, wato a adana siffar sau ɗaya, a riƙa canza sunan gari kawai.

Kafin ka biya, ka gwada manhajar kyauta a ƙaramar waya mai raunin sadarwa, domin da irinta mambobinka za su buɗe shafin. Ka duba ko tana nuna zafi da ma'aunin Salsiyas, ko tana barin ka rubuta "hazo" da "hadari" da Hausa, da kuma ko tana ajiye bayanan na ɗan lokaci maimakon ta nemo sabo duk sanda wani ya shigo, abin da ke cinye adadin da masu ba da bayanai suka ware kyauta. Ka kuma san inda take samo alƙalumanta: Open-Meteo, alal misali, kyauta ne ga wanda ba kasuwanci yake yi ba, kuma shafin da ke ɗauke da talla ya fita daga wannan rukuni.

Tun da manoma ne masu karatunka, ina roƙonka ka sa mahaɗar hasashen damina na shekara-shekara da hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a cikin akwatin kafin ka adana shi. Hasashen kwana biyar ba zai gaya wa manomi ko ruwan farko ya zauna har a yi shuka ba.